Ina son koyar da tashrihi: majistir zan nema ko shaidar intanet ta wadatar?

Ɗan Gash ya rubuta:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Na jima ina bin abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa tsoma baki ba, yau dai buƙata ta kawo ni.

Ni haifaffen Kassala ne, can yammacin kogin Gash. Na yi digirina na farko a Hartum a fannin ash'a, wato ɗaukar hoton cikin jiki, na gama a 2021. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya riske ni ina aiki a wani ƙaramin asibiti, muka fito da kayan jikinmu kawai. Yanzu ina Bur Sudan, ina kan injin siti sikan a wata cibiya mai zaman kanta, daga ƙarfe 8 na safe zuwa la'asar in akwai wuta.

Watannin baya aka turo mana ɗalibai su koyi aiki. Wata yarinya a cikinsu ta tsura wa allon kwamfuta ido ta ce, Ustaz, me ya sa ƙodar dama ta fi ta hagu sauka ƙasa, ko ciwo ne? Na juya bayan takardar da likita ya rubuto, na zana mata hanta a samanta, na nuna mata yadda girman hantar ya danne ƙodar dama. Daga nan muka shiga saifa, muka shiga matsarmama, ban ankara ba sai da aka kira azahar. Ranar na koma ɗaki da wani farin ciki da ban taɓa samu a aikin ba. Tun daga lokacin zuciyata ta tsaya a kan abu guda: ina so in zama malamin tashrihi, ilimin sassan jikin ɗan Adam da wasu ke kira anatomi.

Matsalata ita ce jikin mutum a yanka-yanka na san shi, baƙi da fari a kan allo. Duk karatuna sau biyu na shiga mashraha, wato ɗakin buɗe gawa, shi ma a tsaye daga bayan mutane. To ina zan dosa? In jira majistir, wato digiri na biyu, a nan gida? Ina ganin tallar wasu kwasa-kwasai a Facebook, wata shida ta intanet a ba ka shaida, kuma kuɗinsu zan iya haɗawa daga albashina. Kawuna da ke Kano kuma ya ce in taho kawai, jami'o'i na nan birjik. Sannan akwai Inna. Da na gaya mata sai ta ce ita ba ta haifi ɗan da zai riƙa feɗe bayin Allah kamar raguna ba, ta tashi ta bar mini jabanar gahawa a kan garwashi. Maganarta ta fi komai tsaya mini a rai.

Don Allah wanda ya bi hanyar nan ya haska mini.

Baffan Maiwurno ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗana. Sai da na karanta saƙonka sau biyu, don abin da ya same ka da yarinyar nan shi ya same ni shekaru da dama baya, sai dai ni likitanci na karanta, bayan imtiyazi, wato shekarar koyon aiki a asibiti, na koma mu'idi, mai taimaka wa malamai, a sashen tashrihi ban sake fita ba.

Kafin ka tambayi wace takarda, tambayi kanka wace ƙofa kake so ta buɗe maka. Ka ce koyarwa. To kujerar muhadir, wato lakcara, a jami'a da majistir ake hawanta, ta ustaz musa'id da ke gaba da ita kuma da daktora, digiri na uku. Shaidar wata shida ba ta cikin wannan tsani ko kaɗan. Za ta iya ƙara maka sani, ban musa ba, amma kwamitin ɗaukar ma'aikata ba zai ƙirga ta ba.

Majistir na gaske a wannan fanni ƙafa huɗu gare shi. Akwai tashrihin da ido ke gani, yanki-yanki: hannu, ƙafa, ƙirji, ciki, ƙugu, kai da wuya. Akwai ilimin ƙananan saƙar jiki da ake dubawa a madubin likita, inda za ka koyi yanka tsoka siririya fiye da silin gashi, kamar mikron 5, ka rina ta ka ɗora a gilashi. Akwai ilimin halittar ɗan tayi tun daga haɗuwar ƙwai. Akwai kuma ƙwaƙwalwa da laka, wanda shi ne ke kayar da ɗalibai. Bayan waɗannan sai kundin bincike. Duk shirin da aka ce maka majistir ne amma babu ranar da za ka sa safar hannu ka riƙe almakashi da kanka, ka ajiye kuɗinka.

Bari in gaya maka dalili. Akwai wata jijiya siririya da ke motsa maƙogwaron murya. Ta ɓangaren hagu ba ta tafiya kai tsaye, sai ta gangara cikin ƙirji, ta zagaye ƙarƙashin lanƙwasar babbar jijiyar jini da ke fita daga zuciya, sannan ta hauro ta kwarin da ke tsakanin bututun iska da na abinci. Na haddace wannan tun ina aji biyu, na ci jarrabawa da shi. Amma ranar da malamina ya ce nemo min ita, na fi awa guda ina tono a wuya, fomalin, ruwan da ake adana gawa da shi, yana sa ni hawaye, ina kama abin da ba ita ba. Da na same ta, zare ce fara-fara ba ta kai kaurin tsinken ashana ba, kwance a bayan ƙullin da ke kumbura ya zama maƙoƙo. A take na gane me ya sa mace kan fito daga aikin maƙoƙo muryarta ta dushe, na kuma gane me ya sa in mutum ya zo da dushewar murya ake cewa ku masu ash'a ku sauko da hoton har cikin ƙirji. Tun ranar, in ina koyar da wuya, ba daga littafi nake magana ba. Ɗalibi yana gane bambancin malamin da ya taɓa da wanda ya karanta, ko bai faɗa ba.

Game da gida: tushen fannin nan a Sudan tsoho ne, tun makarantar likitanci ta Kitchener da aka buɗe a 1924, wadda ta zama kulliyar likitanci ta Jami'ar Hartum. Kafin yaƙi Jami'ar Hartum da Jami'ar Ribat suna ba da majistir a wannan fanni, kuma na ga waɗanda suka fito daga ash'a da mukhtabar, wato ɗakin gwaje-gwaje, a cikin ɗaliban irin waɗannan shirye-shirye. Yaƙi ya watsa malamai, wasu Masar, wasu Saudiyya, kuma ɗakin gawa ba ya rayuwa babu wuta da fomalin da ma'aikacin da ya san aikinsa. Saboda haka kada ka tsaya a kan sanarwa. Ka nemi shugaban sashen da kansa ka yi masa tambaya uku: a ina ake darasin aikin hannu yanzu, gawa nawa ke cikin tanki, wa zai zama mushrif ɗina, mai duba aikina, kuma yana wace ƙasa. Amsar za ta nuna maka ko shirin na raye.

Abu biyu kuma da ba za ka ji a talla ba. Na farko, albashin malamin jami'a a nan ba ya riƙe gida, kada ka saki injinka. Na biyu, a wasu kulliyoyin likitanci ana fifita mai digirin likita wajen ɗauka. Amma kulliyoyin tamrid, wato jinya, da ash'a da mukhtabar da haƙori duk suna neman mai koyar da tashrihi, kuma kai kana da abin da yawancinmu ba mu da shi. Likitan yau a hoto yake fara ganin cikin majinyacinsa. Malamin da zai ɗaga ƙoda a hannun dama ya nuna ta a siti sikan da hannun hagu, ba a samunsa a ko'ina.

Har bincikenka yana ƙarƙashin hannunka. An san cewa kusan mutum ɗaya cikin uku ko huɗu yana da ƙarin jijiyar jini mai shiga ƙoda bayan ta asali, abin da mai dashen ƙoda dole ya sani kafin ya sa wuƙa. Yaya abin yake a mutanen gabashin Sudan? Hotunan na wucewa ta gabanka kullum. Da izinin kwamitin ɗa'a, a cire sunayen mutane, ga kundinka nan.

'Yar Madani ta amsa:

Sannu ƙanena. Baffa ya gama magana a kan ilimin, ni zan taɓa maka zancen Najeriya don can na yi nawa majistir ɗin, a wata jami'a a Arewa, kafin in dawo Madani. Ban daɗe da dawowa ba garin ya faɗi a Disambar 2023, yanzu muna Gadarif.

Kawunka bai yi ƙarya ba. A can tashrihi digiri ne mai zaman kansa tun daga matakin farko, ba sai ka zama likita ba, don haka sassan manya ne. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da Jami'ar Bayero da ke Kano duk suna da majistir da daktora a ciki. Sai dai ka shirya wa abu uku. Wanda digirinsa na farko ba na anatomi ba ne, wasu wuraren sai ya fara yin difloma ta gaba da digiri ta shekara guda. Sannan takardunka: ka karɓi shaidar digiri da shaidar tafasil mai jerin darussa da makinka, ka kai su tausiƙi, wato a buga musu hatimin tabbatarwa, a ma'aikatar ilimi mai zurfi da ta harkokin waje tun kana nan, don a can ma'aikatar ilimi ta tarayya a Abuja ke tantance digirin waje. Kuma da wane fasfo za ka shiga? In na Sudan ne, kuɗin baƙo za ka biya. In kana da na Najeriya ta wajen iyaye, za a tambaye ka takardar hidimar ƙasa ko ta yafewa.

Na ukun shi ne lokaci. An ce mana shekara biyu, na yi kusan huɗu. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai ya ci wata takwas. Ni kuma ɓeraye ne bincikena, kamar yawancin 'yan ajinmu: a ba farin ɓera ruwan wani ganye na wasu makonni, a cire hanta ko ƙwaƙwalwa a duba a madubi. Ina tsaka da aikin aka rufe makaranta, na riƙa hawa adaidaita kullum da safe in kai musu dusa da ruwa, in share keji, da kuɗin aljihuna. Guda shida suka mutu lokacin zafi, dole na sake sayen wasu na faro daga farko. Na koyi rina gilashi har hannuna ya ƙware, ban yi nadama ba. Amma in burinka buɗe gawa ne da koyar da ɗaliban lafiya, ka faɗa wa mai duba aikinka tun ranar farko cewa bincikenka a kan hotunan ash'a kake so, kada a tura ka ɗakin ɓeraye don kawai nan kowa ke zuwa.

Wani abu da ya ba ni wuya ban zata ba shi ne Hausar kanta. Tamu ta nan ta sha Larabci, ina cewa kulliya da shahada ana kallona. Amma na ƙaru da wani abu. A aji da Turanci ake komai, in an fito sai mu maimaita wa juna da Hausa, a nan na lura kalmar jijiya ita kaɗai take ɗauke da abu huɗu: mai kai jini, mai dawo da shi, mai kai saƙo, da mai ɗaure tsoka da ƙashi irin agara. Yanzu in ina koya wa masu jinya inda ake yin allura a ɗuwawu, sai na tsaya na raba musu waɗannan tukuna, sannan su gane me ya sa ake soka allurar a sama ta gefen waje, nesa da babbar jijiyar saƙo da ke gangarawa ƙafa. Na ga yaro yana jan ƙafa saboda allurar da aka yi a gurbin da bai dace ba. Wannan kaɗai ya isa dalilin karatun nan.

Abu Hafsa, Jidda, ya amsa:

Ɗan'uwa, ni ma ash'a nake yi, shekarata tara a nan. Kwas ɗin Facebook ɗin nan na taɓa faɗawa irinsa. Na biya wata cibiya kuɗin da na yi wata uku ina tarawa, aka ba mu bidiyoyi da tambayoyin zaɓi, aka turo takarda mai hatimin zinare. Da na haɗa ta cikin takarduna wajen neman aikin koyarwa a wata kwalejin lafiya, mai karɓa ya zare ta ya miƙo mini, ya ce wace jami'a ce ta ba da wannan. Babu amsa.

Ba duk karatun intanet ne haka ba. Jami'ar Edinbura a Birtaniya tana da shiri ta intanet a kimiyyar tashrihi, matakin shaida da na difloma ta gaba da digiri, tana kuma da majistir na shekara guda da ake zama a can ana buɗe gawa. A tsarinsu shaida kiredit 60 ce, difloma 120, majistir 180, don haka ka san matsayin abin da ka saya. Jami'ar Dundi ma tana da majistir, su ne suka yi suna da adana gawa ta hanyar Thiel, wadda ke barin jiki da taushi da launinsa, gaɓoɓi suna lanƙwasuwa, ba kamar ta fomalin da ke sandarewa ba. Amma kuɗinsu ba na mai albashin fam ɗin Sudan ba ne, ga jarrabawar Turanci ta IELTS, ga biza. Sai da tallafin karatu.

Masar na kusa, sai dai majistir ɗin tashrihi a kulliyoyinsu na likitanci na masu digirin likita ne. A nan Saudiyya Jami'ar Sarki Sa'ud a Riyad da ta Sarki Abdul'aziz a Jidda suna da majistir a fannin, baƙo kuma ta dandalin Idrus fis Sa'udiyya yake nema. Ka riƙa leƙawa. Abu ɗaya kada ka ruɗe: hukumar da ke ba ma'aikatan lafiya lasisi a nan da sana'arka ta ash'a take auna ka. Majistir a tashrihi hanyar aji ce, kada ka sa ran zai ɗaga maka daraja a asibiti.

Almajirin Gadarif ya amsa:

Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, maganar Inna ce ta sa na shigo. Ɗana, kada ka ɗauki maganarta a matsayin rashin sani. Tana da hujja. Hadisi ya tabbata daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, a ruwayar Abu Dawuda, cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Alfarmar ɗan Adam ba ta ƙarewa da fitar rai.

Malamai sun zauna a kan mas'alar. Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta yi bayani a 1396 Hijira, ta halatta buɗe gawa don binciken laifi da don gano cututtukan annoba, ta kuma yarda da shi don koyo amma ta taƙaita a kan gawar da ba ta da kariyar shari'a. Bayan nan Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya, ta zauna a Makka a 1408, wato 1987, ta halatta shi don koyon likitanci da sharuɗɗa: in an san mai gawar, ya zama ya ba da izini kafin rasuwarsa ko magadansa sun bayar, a tsaya iya buƙata kada a yi wasa da jiki, gawar mace mata su yi aikinta in akwai su, kuma a binne dukkan sassan bayan an gama.

Ka je mata da wannan a hankali, ba a tsaye ba. In akwai malamin da take jin maganarsa a unguwa, ka fara zama da shi. Kuma ka daina barin kalmar fiɗa tana shiga tsakaninku, dabba ake feɗewa. In Allah ya sa ka zama malami, kai ne za ka hana ɗalibai dariya da ɗaukar hoto da waya a kan gawa, ka rufe abin da ba a aiki a kansa. Wannan ma ka gaya mata.

Ɗan Gash ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Yaya Abu Hafsa, jibi ne na yi niyyar tura kuɗin kwas ɗin ta manhajar banki ta Bankak, na fasa. Yaya 'Yar Madani, shaidar digiri tana hannuna amma tafasil ban taɓa karɓa ba, ita zan fara bi. Kawu na gaya masa ya je sashen da ƙafarsa ya tambayo mini ko mai digirin ash'a sai ya yi difloma tukuna.

Baffa, jiya wuta ta zauna, na buɗe hotunan ciki da muka yi a makon nan na waɗanda aka sa wa ruwan rini don jijiyoyi su fito, ina ƙirga jijiyoyin ƙoda don kaina kawai. A na bakwai na ga biyu a hagu, ƙaramar tana shiga ta ƙasan ƙodar. Sau nawa irin wannan ya wuce ta gabana ban duba ba? Ina so in san yadda ake rubuta takardar neman izinin kwamiti, da adadin hotunan da ake buƙata kafin a kira abu bincike.

Ranar Alhamis zan hau bas zuwa Kassala. Malam, na kwafe sharuɗɗan nan a takarda, zan fara biyawa ta wajen limamin masallacinmu kafin in shiga gida.

Baffan Maiwurno ya amsa:

Madalla ɗana. Kada ka kwafi hoton kowa ka fita da shi daga cibiyar kafin izini ya fito, ko da babu suna a kai. Adadin kuma ba a cankarsa, lissafa shi ake yi, zan nuna maka yadda ake yi. Turo mini saƙo ta akwatin sirri in ka dawo, akwai wani tsohon ɗalibina da ke koyarwa a nan gabas, zan haɗa ku ka riƙa shiga darasin aikin hannunsa ranar da ba ka da aiki, ko da riƙe masa tire ne. Ka gaishe da Inna, ka ce wani tsoho daga Maiwurno da ya yi shekaru a aikin nan yana gaishe ta.